Riga Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Mahaifiyata ta yi shekara talatin da bakwai tana aiki a jami'a, amma ba ta taɓa zama a aji ko ɗaya ba. Wurinta wani dogon ɗaki ne a bayan babban zauren taro, mai taga ɗaya da fanka mai kuka, inda ake ajiye rigunan yaye ɗalibai. Ɗalibai suna kiranta Maman Sito. Malamai ma haka suke kiranta, har da furfesoshin da suka girme ta. Ta shiga aikin a matsayin mai guga, ina goye a bayanta, daga baya aka damƙa mata makullin ɗakin gaba ɗaya.

Karatunta bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma idonta ya fi tef ɗin awo. Ɗalibi yana shigowa za ta dube shi sau ɗaya, ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta zaro masa rigar da za ta zauna masa cif. Sai ta haɗa masa da hula mai kusurwa huɗu da katin gayyata biyu na baƙinsa, ta ce kada ya kuskura ya dawo mata da ita da maiƙo. Kullum akwai fil uku ko huɗu a bakinta, kuma da su take faɗa. Ni kuwa Rediyo take ce mini, wai tun ina shekara biyu aka kunna ni, har yau ba a samu mai kashewa ba.

Riguna ɗari bakwai ne a ɗakin, kowace da lambarta a wuya, kowace a jere a kan dogon ƙarfe. Ɗaya ce kawai ba ta cikin layi. Lamba arba'in da ɗaya tana rataye ita kaɗai a kan ƙusa a bayan ƙofa. Ta koɗe, kuma kafaɗarta ta hagu a farke take tun da na yi wayo. Matar da ba ta iya ganin zare yana reto a rigar wani ta ƙyale, ita ce ta bar wannan kafaɗa a buɗe shekara da shekaru. Duk wanda ta ba, sai ta ce masa ba za a fita da ita ba, ya zo ranar bikin da ƙarfe takwas na safe ta ɗinke masa a jikinsa. Bayan biki kuma ta sake farke ɗinkin ta mayar kan ƙusa.

Da tawa ranar ta zo, na ce ita nake so. Ban san dalili ba, kawai na ga ita ce ake ji da ita. Mama ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini lamba ɗari uku da shida. Abin da ya fi ƙona mini rai, da safen bikin babana da gwaggonnina ne suka shirya ni, hular ma a karkace, ita kuwa tana can sito ta kulle ƙofa da wata 'yar ajinmu da ko gaisawa ba ma yi. Na yi shekara goma sha biyar ina riƙe da wannan a zuciya, kuma ban ɓoye ba, duk lokacin da muka yi saɓani sai na tono shi.

Yanzu ina aiki a ofishin yaɗa labarai na jami'ar. Bana ta cika shekara hamsin, sai aka ba ni aikin haɗa littafin fitattun tsofaffin ɗalibai, mutum arba'in, kowa da hotonsa na ranar yaye da tarihin aikinsa. Kai, na ji daɗin aikin nan! Mutanen da nake gani a talabijin, sai ga ni ina kiran lambarsu suna ɗagawa. Akwai likitan zuciya da ake layin wata shida kafin a gan shi. Akwai alƙaliyar babbar kotu. Akwai injiniyan da ya gina gadar da nake hawa kullum ina zagin cunkoso, da matar da ta ƙirƙiro irin shinkafa mai jure fari, da mai sharhin ƙwallon da in ya yi ihun an ci, maƙwabta ba sa buƙatar kunna nasu akwatin. Har da wani mai gidan burodi da ya karanta tarihi, yanzu ma'aikatansa sun haura ɗari huɗu.

Wata Talata na baza hotunan a kan tebur ina jera su. Ina duba na likitan sai idona ya sauka a kafaɗarsa ta hagu. Wani ɗan gajeren ɗinki ne na hannu, da zaren da ya ɗan fi rigar duhu. Na san wannan ɗinkin kamar yadda na san muryar Mama. Na ɗauko na alƙaliya, ga shi. Na injiniya, ga shi. Na mai sharhi, na mai shinkafa, na wata matuƙiyar jirgin sama, duk ga shi. Na ƙirga, na sake ƙirgawa da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Mutum goma sha ɗaya cikin arba'in, daga shekaru daban-daban, riga ɗaya suka saka. Na yi wani ihu har mai share baranda ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ban tsaya tunani ba, wanda dama ba halina ba ne. Na kwashi hotunan na haura bene da gudu ofishin magatakarda. Mutum ne mai son tsari, wanda ko birukansa a jere suke bisa tsawo, amma ranar sai da ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ai tarihi ne. Nan take ya ba da umarni a ƙera akwatin gilashi a ajiye a ƙofar zaure, a saka rigar a ciki ranar Asabar ɗin biki, shugaban jami'a ya yaye ƙyallen da za a lulluɓa masa da ƙarfe goma a gaban su goma sha ɗayan. Dama bana an sayo sababbin riguna daga wani kamfani, a cikin leda, ma'aikatansa ne ke rabawa a baranda, tsofaffin kuma an riga an kwashe su a mota. Ya ce wannan kaɗai za a bari. Na ce masa ya ɗauka an gama, ai uwata ce.

Na sauko ina tsalle na tarar da Mama zaune a ɗakin da ya koma fayau, ƙarafan rataya duk babu komai. Watan gobe za ta yi ritaya. Na zuba mata labari ba numfashi, na nuna mata hotuna, na ce har sunanta za a rubuta a jikin gilashin.

Ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa na likitan ta ce, "Wannan da kunnuwa kamar faranti, an ce yanzu ya yi ƙiba." Sannan ta miƙo mini su. "Ba za ta shiga akwati ba. Ranar Asabar tana da mai sawa."

"Mama, wane mai sawa? Bana kowa sabuwa zai saka!"

"Ban da mutum ɗaya."

"Na riga na yi wa magatakarda alkawari. Za a buga a takardar shirye-shirye. Kina so a kore ni?"

"Da kika yi alkawarin, rigarki ce?"

Nan na fashe. Na ce ai dama na sani, rigar sa'a ce take raba wa 'ya'yan mutane suna zama manya, ni 'yar cikinta ta ba ni ɗari uku da shida, ga ni nan ina rubuta tarihin wasu. Ta cire fil daga bakinta ta ce, "Rediyo, rage murya, akwai jarrabawa a sama." Ta zare makullin daga ƙofa ta jefa a jakarta. Na fita ina huci, saura kwana huɗu, ga akwati ana ƙerawa, ga tsohuwa ta kafe.

Dabarar da ta zo mini ita ce in kira su goma sha ɗayan, su sa baki. Wa zai ce wa alƙaliya a'a? Na fara da matuƙiyar jirgi, don na ga shekara ɗaya aka yaye mu. Sai da na ƙura wa hoton ido na gane ta. Ita ce wadda aka kulle ƙofa da ita a safiyar bikina.

Na same ta a waya tana jiran tashi a wani filin jirgi. Na ambata mata rigar.

"Kin san yadda aka yi ta ba ni?" in ji ta. "Na je karɓar riga, ta miƙo mini kati biyu. Na ce ta bar su, ba wanda zai zo mini. Na faɗa ina dariya, don kar a ji tausayina. Sai ta karɓe rigar da ta riga ta ba ni, ta ce ba ta yi mini ba, ta nuna mini waccan yagaggiyar. Na tafi ina jin haushi. Ranar bikin na zo, ta zaunar da ni, ta ba ni shayi da burodi, ta ce ba ta ɗinki a jikin mai yunwa. Ɗinkin da bai fi na minti biyar ba, ta yi awa guda tana yi. Ta tambaye ni me na karanta, me nake so in zama. Na ce jirgi nake so in tuƙa, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce to in na fara, in riƙa rage gudu a saman unguwarsu. Ta gyara mini hula, ta raka ni har bakin zaure."

Na ce, "Ranar nan ni ma na fita."

"Na sani mana! Rabin awan nan labarinki ta yi ta ba ni. Wai kin fi kowa surutu, kuma kin fi kowa ƙwaƙwalwa."

Na ajiye wayar, na kira likita. Shi ma katin ya mayar, mahaifinsa yana kwance a asibiti a lokacin, babu mai barinsa ya taho. Mai sharhin ƙwallo ya ce shi sayar da nasa ya so yi, ta kama shi a bakin ƙofa, ya yi ta dariya yana ba ni labari. Alƙaliya ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka ita kaɗai aka yi wa haka. Kowannensu haka ya ɗauka. Kafin la'asar na kira goma sha ɗayan, kuma ban roƙi ko ɗaya ya sa baki a kan akwati ba.

Na koma sito a sanyaye. Mama tana shafa wa keken ɗinkinta mai. Na ce na ji komai. Ta ce mutane da dogon baki.

"To in masu mayar da kati sun kai biyu ko uku a shekara fa? Rigar ai ɗaya ce."

"Almakashi gare ni," in ji ta. "Sai in farke kafaɗar wasu. Amma bana sun kawo nasu a leda, ko taɓawa ba su bari na yi ba. Ita kaɗai ta rage mini."

Ta ce ranar Litinin tana zaune a bakin ƙofa tana kallon masu rabon kamfanin, sai ta ga wata doguwar ɗaliba ta karɓi ledarta, ta zare katunan ta ajiye musu a kan tebur. Su ko ɗaga kai ba su yi ba. Mama ta bi ta har gindin bene, ta ce mata sabuwar nan za ta yi mata gajarta, ta zo Asabar da takwas akwai wadda za ta yi mata daidai. Ilimin sinadarai ta karanta, kuma ita ce ta ɗaya a sashensu.

"Ba sa'a a jikin rigar nan, Rediyo. Tsumma ce. Su suka yi karatunsu. Ni dai ba na son mutum ya saka rigar nan shi kaɗai a ɗaki, ba mai ce masa ta karkace."

Ranar Asabar tun bakwai da rabi harabar ta cika maƙil. Motoci, masu hoto, iyaye da furanni, 'yan bushe-bushe suna gwada ƙahoninsu. Ga akwatin gilashi a ƙofar zaure an lulluɓe shi da jan ƙyalle, ni kaɗai na san iska ce a ciki. Amma wani irin daɗi yana tsuma ni, don na aika wa mutum goma sha ɗaya saƙo iri ɗaya: ƙofar sito, ƙarfe takwas da rabi.

Tara saura kwata magatakarda ya ɗaga gefen ƙyallen, ya leƙa, ya juyo yana nemana da ido. Ban gudu ba, ko da yake ƙafafuna sun ba da shawarar haka. Ya ce ina rigar. Na ce tana jikin mai ita. Ya nufi sito kamar zai tashi sama, ina biye da shi, yana faɗin wasiƙar da zai rubuta mini ranar Litinin. Muna shan kwana ya ja birki.

A ɗan siririn lungun nan, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, ga likitan zuciya a tsaye, ga alƙaliya, ga injiniya, ga matuƙiya da kakinta, ga mai burodi rungume da kwali, ga sauran, sun jeru jikin bango kamar masu jiran karɓar riga. Mai sharhi yana ta zuba, suna ta nuna wa juna kafaɗar hagu suna dariya. Ƙofar sito a rufe, ana jiyo muryar Mama daga ciki tana cewa, "Tsaya cak, 'yata, kar in soke ki."

Magatakarda ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara murya, ya ce da izininsu zai karɓi rigar, shugaba yana jira, kuma doka ta ce bana ba mai shiga zaure da tsohuwar riga.

Alƙaliya ta ce, "Ranka ya daɗe, dokar a rubuce take?"

Ya ce a takardar sanarwa take.

"To ni na saba da takardun sanarwa. Ka bar mini wannan." Ta faɗa masa abin da ake yi a bayan ƙofar nan, a taƙaice, yadda take yanke hukunci. Ta ce in ana son a nuna wa jama'a rigar da suka saka, to a nuna ta tana aikinta. Magatakarda ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya tambaya a hankali ko shekara nawa ana haka. Na ce talatin da wani abu. Ya ce shi shekararsa tara a ofishin nan, bai taɓa tambayar ina katunan da ake mayarwa suke zuwa ba.

Sai ƙofa ta buɗe. Ɗalibar ta fito, doguwa, rigar ta zauna mata kamar don ita aka yanka, ga sabon ɗinki a kafaɗa. Ta ga taron manya ta ja da baya za ta koma ciki. Mama ta tare ta da hannu, ta leƙo ta kansu, fil a baki.

"Kai, mai kunnuwa, matsa ka ba ta hanya. Ku kuma me kuke yi mini a lungu?"

Likitan da ministoci ke jira a ƙofarsa ya manne da bango yana cewa, "To, Mama." Matuƙiya ta ce sun zo karɓar katin baƙi ne, an ce akwai biyu da ba mai su. Nan fa gardama ta kaure, mutum goma sha ɗaya a kan kati biyu, injiniya yana cewa shi ya fara zuwa, mai burodi yana cewa shi ya zo da guzuri. Magatakarda ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai duk a layin gaba aka ajiye musu kujeru. Ɗalibar tana kallon wannan tana kallon wancan, hawaye kawai take sharewa da bayan hannu don kar ya taɓa rigar.

Da ƙarfe goma shugaban jami'a bai yaye komai ba, an janye akwatin gefe. Aka shiga kiran ɗalibai. A cikin ɗaruruwan sababbin riguna masu sheƙi, koɗaɗɗiyar nan ita kaɗai ta fita daban. Da aka kira ɗalibar, ta ɗaya a ilimin sinadarai, sai layin gaba gaba ɗaya ya miƙe. Mai sharhi ya saki ihun nan nasa na an ci, ba lasifika, har 'yan bushe-bushe suka rikice suka kama busa ba a ba su izini ba. Zauren ya ɗauka da tafi, yawancinsu ba su ma san dalili ba. Ni kam na yi ihu har muryata ta dushe, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Na waiwaya neman Mama. Ba ta zauna a kujerar da aka ba ta ba. Tana can bakin ƙofar baya inda take tsayawa duk shekara, ƙaramin almakashinta a hannu.

Da yamma, bayan an watse, na same ta a sito rigar tana kan cinyarta, tana tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Magatakarda ya aiko cewa ƙusar nan ta bayan ƙofa kar wanda ya cire ta. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na san amsar, amma shekara goma sha biyar ina jiran in ji daga bakinta.

"Mama, ni me ya sa kika hana ni?"

"Ke?" Ta dube ni ta saman tabarau. "Mutum tara kika kwaso a kan kati biyu. Sai da na roƙi mai gadi ya shigar da gwaggonninki ta baya. Kullum ina addu'a kar Allah ya nuna mini ranar da za ki buƙaci rigar nan."

Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ya isa, kar ki jiƙa mini ita. Watan gobe ba na nan, kuma idona ya fara gajiya." Ta zaro allura daga bakin mayafinta ta miƙo mini. "Zura zaren. Ɗinkin ba wuya, minti biyar ne. Jan sa ya kai awa guda shi ne aikin, kuma a nan ban san wanda ya kai ki ba."